Juyin juya hali a shafin zane: Labarin da ke jiran mai zana shi a Izom

A shekarar 2025 wayoyin matasa a faɗin Afirka ta Yamma sun cika da bidiyoyin Kyaftin Ibrahim Traore, shugaban mulkin soja na Burkina Faso. A wasu an ga fitattun mawaƙan Amurka suna rera masa waƙar yabo, har da R. Kelly, wanda a lokacin yake zaman kurkuku. A wani kuma an ga Fafaroma Leo na 14 yana yi masa doguwar jinjina, abin da ya sa fadar Vatican ta fito ta ƙaryata a watan Mayu na shekarar. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya auku. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ne suka haɗa fuska da murya, masu neman kuɗin talla da masu wata manufa suka watsa, jama'a kuma suka karɓa hannu bibbiyu, domin labarin ya sosa musu inda ke yi musu ƙaiƙayi: ga saurayi cikin kaki ya kori azzalumai, ya tsaya wa talaka, duniya ta sallama masa.

Wannan ƙagaggen labari ne na juyin juya hali, na'ura ce kuma ta zana shi. Aibinsa na farko shi ne ba a rubuta masa a goshi cewa ƙage ne ba. Aibi na biyu ya fi wannan haɗari: babi ɗaya tak gare shi. Yana ƙarewa ne ranar da jarumi ya hau kujera ana guɗa, alhali tarihin Burkina Faso kansa bai taɓa tsayawa a nan ba. Thomas Sankara ya hau mulki a watan Agustan 1983 da taimakon amininsa Blaise Compaore. Ranar 15 ga Oktoban 1987 aka harbe shi, aminin ya gaje kujerar ya zauna shekara 27, sai a watan Afrilun 2022 kotun soja ta yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Shi kansa Traore ya hau ne ranar 30 ga Satumban 2022 bayan ya tumɓuke Laftanar Kanar Paul-Henri Damiba, wanda wata takwas kacal kafin nan ya tumɓuke zaɓaɓɓen shugaba. Na'urar ba ta zana waɗannan babuka.

Mai aiki a Sakatariyar Tarayya, ko hadimin da ke riƙe wa minista jaka da waya, yana iya ɗaukar wannan shirmen 'yan soshiyal midiya ne. Watan Agustan 2024 ya isa ya gyara masa tunani. A zanga-zangar tsadar rayuwa an ga yara na ɗaga tutar Rasha a Kano da wasu biranen Arewa, wasu na kiran soja su dawo. An yi arangama a Suleja, ƙofar Abuja ta yamma, kuma ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, har da Neja, duk da cewa rundunar 'yan sanda ta musanta. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da yara 'yan ƙasa da shekara 18 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, har Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Yunwa ce ta fito da yaran, amma labarin da ke cikin kawunansu ne ya zaɓar musu tuta. Kamu da tuhuma ba sa cire labari daga kan yaro, sanarwar ƙaryatawa ma ba ta cire shi. Sai an kawo masa wani labarin da ya fi wancan daɗi, ya kuma fi shi gaskiya.

A nan ne littafin labari cikin zane ya shigo, wato irin wanda ake jera hotuna a akwati-akwati, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Da yawa suna ganin wannan kayan yara ne. Mutanen Ajantina ba za su yarda ba. Tsakanin 1957 da 1959 marubuci Hector Oesterheld da mai zane Francisco Solano Lopez suka riƙa fitar da wani labari mai suna El Eternauta mako-mako. A cikinsa wata dusar ƙanƙara mai dafi ta sauka a birnin Buenos Aires, duk wanda ta taɓa ya mutu nan take, daga baya aka gane share fage ne na mamayar wasu halittu daga wata duniya. Jaruman labarin talakawan unguwa ne da suka ɗinka wa kansu rigar kariya da abin da suka samu a gida.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya tsaya a kansa a wannan labari shi ne tsarin maharan. Manyan da suka shirya mamayar ba a taɓa ganin fuskarsu ba daga farko har ƙarshe. Waɗanda ake gani a fagen fama wasu halittu ne masu basira da ladabi, da ake kira Hannuwa, su ke danna maɓallai suna tafiyar da komai. Su ma bayi ne. An dasa wa kowannensu wata jakar dafi a jiki, wadda ke fashewa da zarar tsoro ya kama shi, don haka ko tunanin bijire wa umarni ba ya iya yi, domin tunanin kansa zai tsorata shi ya mutu. Sai a bakin mutuwa, lokacin da dafin ya riga ya fashe babu sauran abin tsoro, Hannu yake iya faɗin gaskiya. Duk wanda ya taɓa ganin babban jami'i yana fasa ƙwai a hira da 'yan jarida bayan ya yi ritaya, alhali shekara 35 bakinsa a ɗinke, ya san ba a wata duniya kaɗai ake dasa irin wannan jaka ba. Oesterheld kansa ya shiga ƙungiyar 'yan tawaye ta Montoneros daga baya, sojojin da suka ƙwace mulki a 1976 suka sace shi a 1977, ba a sake ganinsa ba, 'ya'yansa mata huɗu ma haka suka salwanta. Da kamfanin Netflix ya mayar da labarin fim a watan Afrilun 2025, sai 'yan ƙasar suka sake buɗe zancen mutanen da mulkin soja ya ɓatar. Littafin zane ne ya yi wannan aiki, bayan kusan shekara 70 da fitowarsa.

Najeriya ba ta rasa masu irin wannan sana'a ba, sai dai kusan dukkansu Legas suka fuskanta, da Turanci kuma suke magana. Kamfanin Comic Republic ya fara a 2013. Roye Okupe ya fitar da E.X.O. a 2015, labarin wani saurayi mai sulken fasaha a wata Legas ta nan gaba, yana fafatawa da ƙungiyar da ta fake da ɓarnar gwamnati tana neman ƙwace mulki. Shi ne kuma ya rubuta Malika, sarauniya mayaƙiya wadda ya ɗauko siffarta daga Amina ta Zazzau. A 2024 Disney ta nuna Iwaju, Legas ɗin gobe inda ruwa da kuɗi suka raba masu hali da marasa shi. Ba laifi ba ne ɗan wata jiha ya ɗauki Amina ya kai ta kasuwar duniya, yabo ma ya cancanta. Abin tambaya shi ne ina jikokinta suke.

Ba a ce Hausa ba ta san hanyar ba. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro ya yi tafiya a sararin samaniya tare da baƙo daga wata duniya. Tun 1937 Abubakar Imam ya ɗora farkon Magana Jari Ce a kan wazirin da ya ci amanar sarkinsa da akun da ya tsare ɗan sarki da labarai har makircin ya tonu. A farkon shekarun 1980 Sulaiman Ibrahim Katsina ya rubuta Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango, kan rashawa da gwagwarmayar talaka da masu mulki. Kimiyya da makircin fada da boren talaka duk an taɓa su da Hausa, kowanne a littafinsa. Wanda zai haɗa su a shafi ɗaya, cikin zanen da yaro zai buɗe a waya, shi ake jira.

In kuwa ana neman inda za a kafa irin wannan labari, da wuya a samu wurin da ya kai Izom. Garin yana ƙaramar hukumar Gurara, cikin masarautar Suleja, a kan hanyar da ta tashi daga Suleja ta nufi Minna, a gaɓar kogin Gurara. A can sama, cikin Jihar Kaduna, an datse wannan kogi da madatsar ruwa, aka shimfiɗa ƙaton bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 da ke kai ruwansa madatsar Usuma, wadda ke shayar da Abuja. A Izom ɗin kuma akwai tashar tura mai ta kamfanin NNPC, a kan bututun da aka shimfiɗa don kai ɗanyen mai daga Warri zuwa matatar Kaduna. Jihar Neja ce ke ɗauke da tashoshin lantarki na Kainji da Shiroro da Zungeru, ita ce kuma ta ba da kaso mafi girma na ƙasar da aka gina babban birnin a kai. Ruwa da mai da wuta da ƙasa duk sun ratsa ta nan ko sun fito daga nan. Amma ranar 18 ga Janairun 2025, a mahaɗar Dikko da ke wannan ƙaramar hukuma, tankar fetur ta faɗi, jama'a suka taru da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi ta cinye sama da mutum 80. Marubucin almarar kimiyya ba ya buƙatar ya ƙago duniyar da dukiya ke bi ta ƙarƙashin ƙafar mutane su kuma suna mutuwa wajen kwasar ɗigonta. Zana ta kawai zai yi.

Tarihin yankin ma ya riga ya yi masa rabin aiki. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yo kudu da mutanensa zuwa Zuba, ya yi ta fafatawa har ya rasa ransa a yaƙi kusa da Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Izom tana tsakanin Zuba da Lapai ne, a ƙasar da aka yi wannan kai-komo. A bakin masu jihadi, Makau ya juya wa kiran da mahaifinsa ya karɓa baya. A bakin mutanensa, an raba shi da gadon gidansu. Kowane ɓangare yana da nasa kalmar cin amana. Bayan shekara kusan 150, dokar soja ta watan Fabrairun 1976 ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kwana goma bayan dokar aka harbe Janar Murtala Muhammed a Legas. Yau dubban masu share ofis da direbobi da masinjoji da ƙananan ma'aikata na tashi daga Suleja da Madalla kafin asuba, su je su yi wa birnin da ya gaji sunan garinsu hidima, su dawo bayan magariba saboda haya a can ta fi ƙarfin albashinsu.

A ƙaddara wani matashi mai zane ya kafa labarinsa a shekarar 2076, ana bikin cikar birnin shekara 100. An lulluɓe Abuja da rumfar gilashi mai sanyaya iska, kogin Gurara gaba ɗaya ya koma cikin bututu, ma'aikata na shiga ta ƙofar Zuba bayan na'ura ta duba ƙwayar idonsu. Wani injiniya a tashar Izom ya gano cewa shi ke riƙe da makullin ruwan. Abokinsa na ƙuruciya hadimi ne a fadar mai mulki, shi ya san lambar ƙofa. Da ɗan gari akan ci gari, don haka bore ya yi nasara cikin dare ɗaya. Na'urar da ke zana Traore a nan za ta tsaya. Mai zane na gaskiya a nan zai soma: sababbin masu mulki sun bar rumfar yadda take, sunayen da ke jerin masu shiga kawai suka sauya. Hadimin da ya buɗe ƙofa shi aka fara kawarwa, domin wanda ya buɗe wa wani ƙofa jiya zai iya buɗe wa wani gobe. 'Yarsa ta girma a Izom, ta gaji aikin tashar, wata rana hannunta ya kai kan makullin. In ta rufe ta rama wa mahaifinta, amma masu mulki suna da rijiyoyinsu, waɗanda ƙishi zai fara kashewa su ne 'ya'yan masinjojin da ke kwana a bayan gidaje. Yaron da ya karanta wannan shafi, ya tsaya yana jiran fitowar mako mai zuwa, ya sami darasin siyasa da babu wani taron wayar da kai da zai ba shi.

Kada a ce an cika ƙari. Gaba kaɗan da Izom, a Lambata, hanya ta rabu: ɗaya ta nufi Minna, garin Janar Ibrahim Babangida, ɗaya ta karkata Lapai, ƙasar Manjo Janar Mamman Vatsa. Tare suka yi makaranta a Bida, tare suka shiga soja. Vatsa marubucin waƙoƙi ne da littattafan yara, shi ne kuma Ministan Abuja daga 1984, Babangida ya bar shi a kujerar bayan juyin mulkin 27 ga Agustan 1985. A watan Disamba aka kama shi da zargin shirya wani juyin. Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark suka je Barikin Dodan neman sassauci, ba a jima ba aka sanar cewa an harbe shi tare da wasu hafsoshi ranar 5 ga Maris 1986. Iyalansa sun tsaya a kan cewa bai ci ba bai sha ba. Babangida, a littafin tarihin rayuwarsa da ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2025, ya tsaya a kan cewa akwai hujja, kuma tsaron ƙasa ya zaɓa a kan abota. Shekara 40 ke nan ba a daidaita kan wanda ya ci amanar wani ba. Shekara 20 kafin Vatsa, a daren 15 ga Janairun 1966, Birgediya Zakariya Maimalari ya mutu ne a hannun Manjo Emmanuel Ifeajuna, hafsan da ke aiki a ofishinsa. Ramuwar gayya ta zo ranar 29 ga Yuli, yaƙin basasa ya biyo baya, shi kuma Ifeajuna aka harbe shi a Biyafara a 1967 da tuhumar cin amana. A Yamai, ranar 26 ga Yulin 2023, shugaban dogaran fadar Mohamed Bazoum ne ya rufe shi a cikin gida. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, makusanci ne a tsakiyar labarin, wani lokaci da wuƙa a hannu, wani lokaci da wuƙa a wuya, sau da yawa kuma duka biyun bi da bi.

Akwai masu cewa irin wannan littafi hura wuta ne, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Fuskar roba ta V for Vendetta, labarin zanen da Alan Moore da David Lloyd suka fara a Ingila a 1982, ta zama tambarin masu zanga-zanga a ƙasashe da dama, mafi yawansu ba su ma karanta littafin ba. Zane yana da ƙarfi, kuma mai zane ba ya iko da inda hotonsa zai ƙare. Sai dai wutar ta riga ta kama. Zaɓin da ke gaban hukuma shi ne tsakanin labarin da ba a san mai shi ba, wanda ke rantsuwa cewa shi gaskiya ne, da labarin da marubucinsa ya sa sunansa a bango, ya ce ƙage ne, ya kuma bi jarumin har inda jini ya fara kwarara a cikin gida. Arewa ta taɓa gwada ɗaya hanyar. A 2007 an tara littattafan Hausa na soyayya an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Marubutan ba su daina ba, sun koma intanet da WhatsApp, inda babu edita balle hukumar tacewa.

Hannun da zai yi zanen ma yana nan. A tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, aka kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulu har duniya ta san ta, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Yaran da ke zana allunan shaguna da bayan motocin haya a Suleja, da masu haɗa fastocin 'yan siyasa a kwamfuta, ba su rasa gwaninta ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai biya su watanni shida su zauna a kan labari ɗaya.

Kuɗin da za a yi wannan ba sai an ƙirƙiro sabon asusu ba. A watan Maris 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin iDICE na sama da dala miliyan 600 don masana'antun fasaha da ƙirƙira, Bankin Masana'antu ke kula da shi, kuma tun watan Agustan shekarar akwai ma'aikata sukutum mai kula da tattalin arzikin ƙirƙira. Masu rubuta ƙa'idojin neman tallafi su ne irin masu karanta wannan shafi. Su ke yanke ko za a karɓi aikin da aka yi da Hausa ko Gbagyi ko Nufanci, ko kuwa sai mai takardar rajistar kamfani da Turancin Lekki. Su ne kuma za su iya hana a mayar da abin farfaganda, domin ranar da aka ce jarumin labarin ya riƙa yabon manufofin gwamnati, ranar yara za su koma wa Traore. Gasa ce ta fi dacewa, alƙalanta marubuta da masu zane, ba daraktoci ba, kuma wurin yin ta yana nan: ƙauyen marubuta da ke Mpape, a filin da Vatsa ya ba Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya lokacin yana minista, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa.

Da tallafi ko babu, wata rana wani yaro daga Izom ko Madalla zai fitar da babin farko a waya, da rumfar gilashin da ƙofar Zuba da hadimin da ya san lamba. Hoton zai zagaya, ya faɗo teburin wani mataimaki na musamman da safiyar Litinin, a ce masa ya rubuta wa mai gida taƙaitaccen bayani da shawara. A ƙasan takardar akwai layin da zai cike da hannunsa, na ofishin da za a tura wa fayil ɗin: ma'aikatar al'adu, ko hukumar tsaro ta farin kaya.